Karatun Mode ta Gidan Waya

Mode ɗan Arzika magini yana goye a bayan uwarsa shekarar da Nasara suka shiga Sakkwato, saboda haka bai san birnin da babu Bature a cikinsa ba. Gidansu yana Ƙofar Marke, gidan magina ne tun kaka da kakanni. Ubansa yana cikin waɗanda ake aika wa idan soron babban mutum ya tsage. Yakan ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, ya ce wannan ta yi bango, wannan kuwa sai dai a yi yaɓe da ita. Ranar da aka zo unguwa neman yaran da za a kai makarantar boko, kowa ya ɓoye nasa. Arzika yana wajen aiki a Ƙofar Kware, kafin ya dawo an tafi da ɗansa na fari. Ƙanen Mode, Garba, shi ya zauna gaban uban ya koyi kwaɓi da jeren tubali da ɗaurin guga, wato bakan da ke riƙe rufin soro.

Mode ya fito makaranta da Turanci daidai gwargwado da kuma kai mai ɗaukar lissafi. Aka ɗauke shi a wurin ayyukan gwamnati. Ya fara da riƙe sandar awo, ya koma kiran sunayen lebura, daga bisani ya zama heluma, shi ke tsaye kan masu gyaran hanya da masu zuba kwalbati. Ya yi aure, ya auri Bara'atu, 'yar wani malami mai rabon gado, wadda ta koyi hisabi a gaban ubanta tun tana ƙarama. Da a nan abin ya tsaya, da Mode ya tsufa yana heluma, ana gaishe shi a kasuwa.

Injiniyan da ke kansu a lokacin wani dattijon Bature ne da lebura suke kira Mai Lofe, saboda lofen shan taba da ba ya barin bakinsa. Wata rana ana awon hanya, Mai Lofe ya faɗi lamba, Mode ya rubuta, sai ya tsaya yana duban littafin.

"Ranka shi daɗe, in wagga lamba daidai ta, to ruwa za su hau tudu."

Mai Lofe ya karɓi littafin ya duba, ya sake leƙa ma'auninsa, ya yi dariya har lofen ya kusa faɗuwa. Bayan kwana uku ya kira Mode ofis ya miƙa masa wata bugaggiyar takarda. Ya ce akwai makaranta a Ingila da take koyar da aikin injiniya ta gidan waya. Za su aiko da darasi, ka karanta, ka amsa tambayoyi, ka mayar, malami ya gyara ya aiko da na gaba. Darussa arba'in ne. Wanda ya gama cikin shekara bakwai, ya kuma aika da zanen wani aiki da shi da kansa ya tsara ya gina, tare da sa hannun injiniyan da ke kansa, sai a ba shi takardar shaida.

"Ni ma haka na fara," in ji Mai Lofe da gurguwar Hausarsa. "Ubana maƙeri ne."

Darasin farko ya iso da bazara, cikin ambulan mai kauri da kan sarki uku. Jirgin ruwa ya kawo shi Ikko, jirgin ƙasa ya kawo shi Gusau, mota ta ƙarasa da shi Sakkwato. Mode ya wanke hannu kafin ya buɗe.

Ba shi da lokacin karatu sai bayan sallar asuba kafin a buga ƙarfen aiki, da kuma tsakar rana idan lebura sun watse neman inuwa. Yakan zauna gindin tsamiya ya ɗora allo a cinya, ya naɗa tsumma a hannu don kada gumi ya ɓata takarda. Zafin Sakkwato kuwa ba a ba da labarinsa, tawada ma bushewa take yi a bakin alƙalami kafin ya kai ƙarshen layi.

Malamin da ke gyara masa aiki bai taɓa ganinsa ba, sunansa ma haruffa biyu ne kawai a gindin shafi. Da jar tawada yake rubutu, don haka Mode da Bara'atu suka sa masa Malam Jar Tawada. Mutum ne mai tsanani, amma idan aiki ya yi kyau yakan rubuta kalma ɗaya ta yabo a gefe. Mode yakan yi sati yana ɗauke da wannan kalma a ransa.

Wahalar ita ce nisa. Tambayar da ya yi da shuka, amsarta sai an yi girbi. Akwai lissafin nauyin da azara ke iya ɗauka wanda ya kakare masa wata huɗu, babu wanda zai tambaya a duk birnin, domin Mai Lofe ya tafi rangadi. Bara'atu ce ta ce ya karanta mata lambobin.

"Malam, wanga ai awa rabon gado na. Kasa shi kashi takwas tukuna, kak ka taɓa sauran."

Bai yarda ba, amma ya gwada, sai ga ƙofa ta buɗe. Daga ran nan ya koya mata lambobin boko, ta riƙa bin bayansa tana kama kurakurai tana tankaɗe.

Wasu darussan kuma maganar wata duniya suke yi. Ana tambayarsa nauyin ƙanƙarar da ke taruwa bisa rufin ɗaki, da irin bulon da ake gasawa da gawayin ƙasa. Ya rubuta wa malamin yana tambayar ƙarfin marmara, jan dutsen da suke haƙa a bayan gari, da yadda rairayin gulbi ke yi da siminti idan rana ta yi yawa. Bayan wata uku da rabi amsa ta zo da jar tawada: malamin bai san wannan dutse ba, ba ya cikin manhaja, amma idan Mode ya gwada yana son jin abin da ya samu. Mode ya yi ta yanka marmara yana ɗora mata buhunan yashi har ta fashe, yana rubutawa. Lebura suka ce karatu ya fara taɓa heluma.

A shekara ta huɗu zazzaɓi ya kayar da Mai Lofe, aka ɗauke shi a mota zuwa Gusau, daga can gida. Bai samu ko yin sallama ba. Wanda ya maye gurbinsa saurayi ne, gajere, mai yawan duban agogo. Lebura ba su wahalar da kansu ba, suka kira shi Gajere. Ba mugu ba ne, ba ya zagi, ba ya duka. Zafin garin ne ya fi ƙarfinsa, kuma kwanakin hutunsa kawai yake ƙirgawa.

A shekara ta biyar aka ce a yi gada a ƙoramar Gidan Sodangi, wani ƙauye da ke arewa da birni, inda kowace damina ruwa ke raba mutane da kasuwa, wani lokacin ya tafi da jaki da kayansa. Gajere ya je sau ɗaya da rani, ya ga busasshen yashi, ya ce kwalbati biyu sun isa. Mode ya nemi izini ya koma. Ya kwana uku a ƙauyen yana bin tsofaffi suna nuna masa inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin itatuwa, wannan na shekarar fara, wancan na shekarar da rijiyar gari ta rufta. Ya auna faɗi, ya auna gangare, ya haƙa rami har ya taɓa dutse. Ya dawo ya yi sati biyu yana zane. Gada mai baki uku, ginshiƙan marmara, bisa kuma siminti da ƙarfe.

Gajere ya daɗe yana duban zanen. Ya bi lissafin da fensir daga sama har ƙasa, bai sami abin gyara ba.

"Wa ya taya ka?"

"Ba kowa, ranka shi daɗe. Darasi na talatin da ɗaya na."

Gajere ya sa aka kwafe zanen a takardar ofis, ya sa hannu a gindi kamar yadda ake yi wa kowane zane, ya aika Kaduna. Aka amince. Mode ya tare a bakin ƙoramar wata biyar da lebura sittin, shi ne mai awo, shi ne mai duba kwaɓin siminti, shi ne mai raba faɗa. Ya rame har Bara'atu ta tsorata da ya zo gida.

Ana gab da gamawa sai ga Arzika a kan jaki, Garba na biye. Tsohon bai taɓa taka wurin aikin ɗansa ba, bai kuma taɓa tambayarsa abin da ke cikin takardun nan ba. Sunansa ma ba ya faɗa, saboda kunyar ɗan fari. Ya sauka ya shiga ƙarƙashin gadar, ya bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana ƙwanƙwasawa da sanda yana saurare.

"Kai wanga, wa yak koya maka wanga jere?"

"Wani malami na, Baba, can Ingila."

"Ka taɓa ganinai?"

"A'a."

"Malamin da bai taɓa riƙa hannunka ba." Tsohon ya girgiza kai. Ya sake buga ginshiƙin tsakiya. "To. Ta yi."

Ya hau jakinsa ya juya. Mode ya koma bayan tarin yashi ya zauna, don kada lebura su ga fuskarsa.

Daminar da ta biyo baya ta zo da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Gulbi ya cika ya shanye fadamun shinkafa, gidaje suka zube a cikin birni, kwalbatoci da dama suka tafi. Gadar Gidan Sodangi ruwa ya kai mata har wuya, ya yi kwana biyu yana dukanta, ya janye ya bar ta tsaye. Daga Kaduna aka rubuto wa Gajere takardar yabo.

Mode ya gama darasi na arba'in da sauran wata tara cikin shekarunsa bakwai. Ya sa farar rigarsa, ya ɗauki ainihin zanensa da takardar makarantar da ke jiran sa hannu, ya shiga ofis. Gajere ya karanta takardar sau biyu, ya ajiye, ya dubi taga.

"Ba zan iya ba, Mode."

"Ranka shi daɗe, kai kag ga sa'ad da niz zana ta."

"Na gani. Amma a fayil ɗin Kaduna sunana ne. Idan na rubuta cewa heluma ne ya tsara gadar gwamnati, za a tambaye ni dalilin da ya sa na bari, da dalilin da ya sa na sa hannu. Aikina zai tafi. Kai ma ba za a bar ka ba."

"To ƙaƙa za ni yi?"

"Za ka yi wata. Ƙarama, wadda ba sai an aika Kaduna ba. Ka bari a ga bayan damina."

Ba a yi wata ba. Shekarar ce gwamnati ta tsuke hannu, aka dakatar da kowane sabon aiki, sai cike ramuka. Mode ya koma wajen Gajere sau huɗu, a na biyar masinja ya tare shi a ƙofa ya ce Bature ya ce yana da aiki. Ya rubuta wa Mai Lofe, wasiƙar ta yi wata huɗu ta dawo ba a buɗe ba, an ja layi a kan adireshin. Ya rubuta wa Malam Jar Tawada shafi shida, ya zayyana masa komai, ya haɗa da zanen da sakamakon gwajin marmara. Kullum motar Gusau ta shigo yana tsaye a gidan waya, har ma'aikacin wurin ya riƙa girgiza masa kai tun daga nesa.

Amsar da ta zo bugun keken rubutu ce, babu jar tawada ko ɗigo. An ce malamin da ke duba aikinsa ya bar makarantar. An ce ƙa'ida ba ta ba da damar karɓar zane ba tare da shaidar injiniya ba, kuma wa'adinsa zai cika a ƙarshen wata na uku. Ba su dawo masa da zanen ba.

Bara'atu ta same shi a zaure da takardar a hannu, rana ta take, bai ko je wurin aiki ba.

"Malam, mi sunka ce?"

Ya fassara mata. Ta ce, "Ilimin ai shina kanka. Ba su iya aiko da mota ta ɗauke shi."

"Ilimin da ba a yarda da shi ba, Bara'atu, awa rijiya ta cikin daji. Wa za ya sha?"

Ya yanke shawarar zuwa Kaduna ya ga babban injiniya da kansa. A lokacin Arzika yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Garba ya ce masa ya dakata.

"Yaya, jikin Baba ba ya yi min daɗi. Bari a ga sati guda."

"Sati guda shi ar rabin abin da yar rage min. Kwana shida na, in dawo."

Ya nemi hutun kwana shida, ya hau bayan motar gyaɗa zuwa Gusau, ya shiga jirgi. A Kaduna ya sami ofishin, dogon gini mai baranda, aka nuna masa benci. Ya zauna ranar farko har aka tashi. Ya dawo ta biyu, ya dawo ta uku. Babban injiniya yana wucewa ta gabansa safe da yamma, Mode yana miƙewa yana gaisuwa, shi kuwa yana ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba. Aka ce masa sai ya rubuta buƙatarsa, ya rubuta. Aka ce takardar sai ta bi ta hannun injiniyansa na Sakkwato.

A rana ta biyar wani tsohon akawu mutumin kudu, wanda ya daɗe a Arewa har Hausa ta zauna a bakinsa, ya kira shi gefe ya ba shi ruwa. Ya jawo wani littafi ya buɗe masa.

"Ɗan'uwa, dubi nan. Waɗannan su ne muƙaman da ke akwai. Injiniya, daga Ingila ake kawo shi. Ƙarƙashinsa mai duba aiki, shi ma daga can. Sai heluma. Ko ka kawo takardar shaidar nan yau, ina za a sa ka? Babu gurbinka a littafin. Ba don in ɓata maka rai na faɗa ba, na ga kana ta ƙona kwanakinka ne a kan benci."

Mode ya bi layukan da yatsa har ƙasa, kamar yadda yake bin lissafi. Ya yi godiya, ya fita.

A Gusau ya tarar motar Sakkwato ta lalace, ya yi kwana uku a tasha. Ya shigo Ƙofar Marke da la'asar a rana ta goma sha ɗaya, ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidansu da mutane zazzaune. An binne Arzika tun shekaranjiya.

Garba bai yi masa faɗa ba. Bayan mutane sun ragu ya zauna kusa da shi, yana duban ƙasa.

"Ya tambaye ka har so biyu. Na biyun da sunanka yak kira ka. Cewa yay yi, ina Mode."

Mode ya tashi ya shiga ɗakin uban. Ya ga sandarsa jingine da bango, ya fito.

Da ya koma wurin aiki bayan sadakar bakwai, akawu ya miƙa masa takarda. Ana rage ma'aikata, kuma ya wuce hutunsa ba izini, saboda haka sunansa na cikin na farko. Gajere ya riga ya tafi hutu Ingila, an ce daga can za a ƙara masa girma a kai shi wani lardi.

Mode ya yi wata biyu a zaure. Bara'atu ta kama saƙar hula da yin fura don gida ya tsaya. Wata safiya ya tuɓe farar riga ya sa tsohuwa, ya bi Garba wajen wani gini a bayan kasuwa. Garba ya ji nauyi, ya ce ya riƙa yi masa awon ɗakuna. Amma magina ba sa buƙatar igiya da littafi, da ƙafa da ido suke awo, kuma nasu ba ya kuskure. Ya gwada jeren tubali, hannunsa bai saba ba, bangon ya fito da ciki, Garba ya jira Mode ya tafi salla sannan ya rushe ya sake. Mode ya dawo ya gani, ya gangara ramin kwaɓi ya naɗe wando.

Nan ya tsaya. Yana da shekara talatin da biyar lokacin, ya kuma yi shekara goma sha ɗaya yana taka ƙasa da ciyawa yana miƙa curi sama. Ƙafafunsa suka tsattsage, idanunsa suka fara hazo tun bai tsufa ba. Da farko abokan aiki sukan kira shi Injiniya, wasu don tsokana wasu don tausayi. Yakan amsa. Da tafiya ta yi tafiya waɗanda suka san dalilin sunan suka watse, sababbi suka ɗauka laƙabi ne kawai irin na wasa.

Bara'atu ta yi ta fama ya koya wa 'ya'yansu lissafi, ya ce su je wajen kakansu na uwa su koyi wanda ake amfani da shi. Surutu ya ragu masa ƙwarai. Idan aka tashi aiki yakan wanke ƙafa a bakin ramin, ya bi ta lungu ya koma gida don kada ya haɗu da tsofaffin leburansa, waɗanda har lokacin suke durƙusa masa idan sun gan shi, shi kuwa gaisuwar tasu ta fi zagi yi masa ciwo.

Da bazarar shekarar da sanƙarau ya shiga birni, ya dawo daga aiki ya ce wuyansa ya riƙe. Kwana huɗu ya yi, ya rasu. Garba ne ya yi masa wanka, magina takwas da wasu maƙwabta suka kai shi, aka dawo kafin azahar saboda zafin rana. Washegari Garba ya nemi wani ya shiga ramin kwaɓi, domin mai ginin yana son a rufe ɗakin kafin ruwan farko.